DAV, MP4 ko AVI: abin da aikin kyamarar tsaro ya koya min kan ciro bidiyo

Ranar da muke ɗaura kyamara a shago ko gidan mai, ba wanda ke tambayar yadda za a ciro bidiyo in buƙata ta taso. Tambayoyin ranar sanannu ne: tana gani da dare? Zan iya kallo a waya in na yi tafiya? In an ɗauke wuta fa? Sai ran da aka fasa shago, ko kuɗi suka yi ƙafa daga durowa, ko wata mota ta gogi wata a bakin famfo, sannan waya za ta yi ƙara tun kafin ka karya. Ka zo ka durƙusa gaban na'urar naɗi, wadda yawanci an cusa ta ƙarƙashin tebur ta sha ƙura, ka soka filas, allo ya jero maka sunaye: DAV, MP4, AVI, a wasu tsofaffin har da ASF ko H264 tsura. Mutane na tsaye a kanka, kowa na cewa injiniya yi sauri.

Maigidan da ya koya min wannan sana'a a Kano ba ya amsa tambayar "wanne ya fi kyau". In yaro ya yi masa ita, sai ya mayar masa da wata: "Wa zai kalla, kuma me zai yi da shi?" Duk abin da na ƙaru da shi daga baya a ƙarƙashin wannan tambaya yake. Mai shago yana son abin da zai buɗe a wayarsa yanzu-yanzu ya nuna wa ɗan'uwansa. Ɗan sanda mai bincike yana son abin da kwamfutar ofishinsu za ta karanta ba sai ya nemo wani ya saka masa manhaja ba. Lauya da alƙali kuwa damuwarsu ita ce ko wannan shi ne ainihin abin da na'urar ta naɗa, ba a taɓa shi ba. Babu fayil guda da ke biyan waɗannan buƙatu duka. Shi ya sa nake ciro biyu. Na asali tukuna, a tsarin da na'urar ta ajiye shi, haɗe da manhajar kallonsa. Sannan na kallo, wanda kowa zai iya buɗewa. Na farkon ba a yanka shi, ba a juya shi, ko sunansa ba na canzawa.

Amma kafin maganar tsari akwai abin da ya fi ta gaggawa. Na'urar naɗi ba ta tsayawa in faifan ajiyarta ya cika, komawa take ta bi ta kan mafi tsufa tana shafewa. Lissafin ba wuya. Kyamara huɗu, kowace na zuba megabit 2 a daƙiƙa, megabit 8 ke nan, wato megabayit ɗaya duk daƙiƙa, wajen gigabayit 86 a kwana ɗaya cur. Faifai mai terabayit ɗaya ba zai kai kwana 12 ba zai zagayo. In kyamarorin takwas ne, raba biyu. Masu shago kuwa sau da yawa ba sa gano ɓarna sai ranar ƙidayar kaya, mako guda bayan an yi ta, sannan a ƙara wasu kwanaki ana shawara ko a kai ƙara ko a kashe maganar a gida tunda yaron ɗan maƙwabci ne. Don haka abin da nake fara dubawa shi ne rana mafi tsufa da ta rage a faifan. In abin da ake nema yana bakin gaɓa, ba na tsayawa zaɓe, kwashe awannin nake gaba ɗaya, na duk kyamarorin, a tsarin asali, wanda dama shi ya fi saurin fita. In lamarin na rai ne ko na makami, shawarata a kashe na'urar, a cire faifan a adana, a sa sabo. Kuma kada wani mai karambani ya jona wannan faifan da kwamfuta. Windows ba ta gane irin tsarin da waɗannan na'urori ke rubutu da shi, sai ta ɗauka faifan fanko ne ta nemi izinin shirya shi. Dannawa ɗaya, an shiga wahalar da ba kowa ke fita ba.

Yanzu tsarin kansa. Sunan da ke wutsiyar fayil, MP4 ko AVI ko MKV, buhu ne kawai, kuma buhu ba ya gaya maka gero ne a ciki ko dawa. Abin da ke ciki shi ne salon da aka matse hoton da shi. Biyu ne suka mamaye kasuwa: H.264 da aka fitar a 2003, da H.265 da ya biyo baya a 2013, wanda ke ba da hoto mai kusan kyau ɗaya da wajen rabin wurin ajiya. Sababbin na'urori da yawa a kan H.265 ake barinsu, don mai saye ya ga kwanakin naɗi sun yi yawa. To sai ka ciro MP4, ka ga ai kowa ya san MP4, ka kai caji ofis, a soka a tsohuwar kwamfuta, allo ya yi baƙi ƙirin ko ya ce ba zai iya buɗewa ba. Na taɓa tsayawa gaban wani mai bincike yana juya filas a hannu yana cewa, "Malam, abin da ka kawo babu komai a ciki." Na ce, "Yallaɓai, yana ciki, kwamfutar ce ba ta jin yarensa." Manhajar kallo ta Windows ba ta karanta H.265 sai an ƙara mata wani ɗan kari daga shagon Microsoft, wanda sayar da shi ake. Manhajar kallo ta VLC kuwa kyauta ce, kuma tana karantawa. Tun da na fahimci yadda ofisoshinmu suke, kowane filas da zai fita daga hannuna akwai VLC a ciki, irin wadda ke tashi daga filas ɗin kai tsaye ba sai an girka ta ba, don kwamfutocin wasu ofisoshi a kulle suke, ba a yarda a girka komai.

Akwai kuma MP4 da sunan kawai ya ara. Yawancin fayilolin da na'urorin kamfanin Hikvision ke fitarwa da wutsiyar MP4, in ka leƙa cikinsu da manhajar duba ƙwayoyin fayil, haruffan farko IMKH ne, alhali MP4 na gaskiya da ftyp ake gane shi a kusa da farkonsa. Tsarin kamfanin ne aka sa masa rigar MP4. Shi ya sa wata wayar ke buɗe shi, wata ta ƙi, wata ta buɗe amma ka kasa ja gaba ko baya. Na kamfanin Dahua kam ba ya ɓoye kansa, DAV yake, ciki ma DHAV za ka gani a kan kowane ƙunshi. Mutane na jin haushin DAV don ba ya buɗuwa da dannawa biyu, ni kuwa na fi ganin mutuncinsa.

Dalili shi ne abin da fayil na asali ke ɗauke da shi bayan hoto. Kowane hoto a cikinsa yana tafe da lokacinsa da lambar kyamararsa. A na'urorin da aka kunna wa hatimin tantancewa, manhajar kamfanin, SmartPlayer ta Dahua ko VSPlayer ta Hikvision, tana iya duba ko an taɓa fayil ɗin. Da ita ne kuma za ka jera kyamara huɗu a allo ɗaya suna tafiya a lokaci guda, ka ga mutum ya fita daga idon kyamarar ƙofa ya shiga idon ta kanta. Da zarar an juya fayil zuwa AVI ko MP4 na gama-gari, yawancin wannan ya zube, sai agogon da aka buga a kusurwar hoton ya rage, in ma an buga shi.

Wani abin da juyawa ke ɓatawa shi ne siffa. Ƙananan na'urori masu araha da suka cika kasuwa suna da wani naɗi da ake rubuta wa 1080N ko 1080p Lite. Faɗinsa ɗigon hoto 960 ne, tsayinsa 1080, wato rabin faɗin cikakken hoto mai 1920. Na'urar ce da manhajarta ke miƙe shi lokacin kallo ya dawo daidai. Ka buɗe shi a wata manhajar da ba ta san da wannan ba, sai ka ga kowa ya zama dogo siriri. Na ga an taru a wani shagon kayan masarufi ana kallon irin wannan, mai shagon na rantsuwa cewa ba yaron da ake zargi ba ne, domin shi yaron gajere ne mai jiki, wannan kuwa zanƙalele ne. Da aka buɗe wannan fayil ɗin dai a manhajar na'urar, sai shagon ya yi tsit. Ka juya labarin, ka ga yadda za a iya kama dogon da bai ji ba bai gani ba.

Gudun hoto ma haka. Ba kowace na'ura ke naɗar hoto 25 a daƙiƙa ba. Da yawa a kan 12 ko 15 suke, wasu kuma suna rage gudu in babu motsi su ƙara in an motsa. AVI tsohon tsari ne, tun 1992 Microsoft ta fito da shi, kuma ya fi son gudu ɗaya daga farko har ƙarshe. Manhajar juyawa sai ta maimaita wasu hotuna ko ta zubar da wasu don lissafi ya daidaita. A satar kwalin madara wannan ba komai ba ne. A hatsarin mota da ake gardamar wa ke gudu, ko faɗan da ake tambayar wa ya fara kai hannu, hoto ɗaya da ya ɓace na iya zama shi ne duk shari'ar. AVI dai ba na zaɓensa sai in na'urar ba ta ba ni wani ba.

Sai maganar da na fi ji a wannan aiki: "Turo min a WhatsApp." Ba na ƙin turawa, mai kaya yana da haƙƙin ganin kayansa. Amma a san abin da ke faruwa a hanya. Kowace kyamara naɗi biyu take fitarwa, babba da ƙarami, waɗanda a allon na'ura ake rubuta wa Main Stream da Sub Stream. Babban shi ke zuwa faifai. Ƙaramin, wanda a wasu na'urorin bai wuce ɗigo 352 a 288 ba, an yi shi ne don kallo ta waya ba tare da data ta ƙone ba. In Alhaji yana kallo a manhajar waya irin su Hik-Connect ko DMSS ko XMEye ya danna maɓallin naɗi, abin da ke allonsa a lokacin shi zai ajiye, sau da yawa ƙaramin ne. Ya tura wa ƙaninsa, WhatsApp ta sake matse shi. Ƙanin ya ɗauki allon wayarsa da wata wayar ya tura wa wani. Daga ƙarshe a dawo min da shi a ce, "Injiniya, jawo mana lambar motar nan kusa." Sai in ce, "Ranka ya daɗe, abin da babu shi a fayil ba mai jawo shi." Ɗigon da ya zube ya zube, duk abin da wata manhaja za ta cike gurbin da shi ƙage ne, ko da ya yi kama da lamba. In dole sai ta WhatsApp, a tura shi a matsayin takarda, ba a matsayin bidiyo ba. A haka ba ta matse shi, kuma tun 2022 tana ɗaukar fayil har gigabayit 2.

A nan nakan yi wa masu shago wata magana da ba ta shafi fasaha ba. Bidiyon da ya shiga zaurukan WhatsApp da Facebook ba ya dawowa, kuma mun san abin da taron mutane ke iya yi wa wanda aka ce ɓarawo ne, ko da fuskar ba ta fito sosai ba. A cikin hoton akwai matan mutane da yara da suka shigo sayayya kawai. Najeriya ma tana da dokar kare bayanan mutane tun 2023. Ni dai fayil na kallon nake ba mai shago da jami'in da ke bincike, in kuma roƙe su ya tsaya nan.

Filas kuwa ƙaramin abu ne mai kunyata babba. Tsofaffin na'urori da yawa filas da aka shirya a tsarin FAT32 kaɗai suke ganewa, shi kuma ba ya ɗaukar fayil guda da ya kai gigabayit 4. In na'urar ba ta gane filas ba, takan nemi ta goge shi ta shirya shi da kanta, saboda haka ba na karɓar filas ɗin maigida mai hotunan biki da takardun fili. Ga na jabu, wanda aka rubuta wa gigabayit 64 alhali cikinsa bai fi 8 ba: kwafi zai nuna ya kammala lafiya, sunayen fayiloli su fito reras, ka buɗe ka tarar da rabinsu matattu. Ina gwada kowane sabo da manhajar gwajin filas ta H2testw kafin ya shiga jakar aiki. Kuma ba na barin wurin sai na buɗe abin da na ciro a kwamfutata, na kalli farko da tsakiya da ƙarshe. Ina ƙara mintuna gaba da baya fiye da abin da aka nema, domin H.264 da H.265 ba sa ajiye cikakken hoto kowane lokaci. Sukan ajiye cikakke ɗaya, sannan jerin canje-canje kawai har zuwa cikakke na gaba. In yankanka ya faɗa tsakani, daƙiƙun farko toka-toka za su fito ko su ɓace, kuma a salon H.264+ da H.265+ na Hikvision, masu ƙara tsimin wurin ajiya, tazarar ta fi tsawo. Ban da haka, ɓarawo yakan zo leƙen wuri kafin ya dawo aiki, kuma a zuwan farko ne fuskarsa ke a buɗe.

Agogon na'ura abin tuhuma ne har sai an gwada shi. Da yawa suna zuwa a kan lokacin Sin, wanda ke gaban namu da awa bakwai, in mai ɗaurawa bai gyara ba. Wasu kuma ɗan batirin da ke riƙe agogo, CR2032 mai kamar kwabo, ya mutu, to duk ɗaukewar wuta sai kwanan wata ya koma wata tsohuwar shekara kamar 1970 ko 2000. Da irin wutarmu, kwana guda na iya rarrabuwa gida uku a cikin faifai. Kafin in taɓa komai, nakan ɗora wayata mai agogon intanet a gefen allon na'urar in ɗauki hoton su biyun da wata wayar, in rubuta bambancin. Ba na gyara agogon sai na gama ciro komai. Mai gyara shi da farko don ya yi gwaninta ya goge shaidar yadda yake a ranar da abin ya faru.

Duk wannan taka-tsantsan, kotu ce ke ba shi ma'ana. Ni ba lauya ba ne, amma mai wannan sana'a a Najeriya ya kamata ya san sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011, wanda ya shafi hujjar da ta fito daga kwamfuta. Yana neman a nuna cewa na'urar ana amfani da ita a kai a kai, tana aiki daidai a lokacin, ko in ta sami matsala matsalar ba ta taɓa sahihancin abin da ta ajiye ba. Yana kuma maganar takardar shaida da ke bayyana yadda aka samar da hujjar da irin na'urar, da sa hannun mai alhakin kula da ita. A shari'ar Kubor da Dickson a 2012, Kotun Ƙoli ta ƙi yarda da takardun da aka bugo daga intanet saboda ba a cika sharuɗɗan wannan sashe ba. Ranar da lauyan ɗaya ɓangaren zai tambaye ka wa ya juya bidiyon nan, da wace manhaja, ina na asalin, ba ka son amsarka ta zama "wani yaro ne a shagon kwamfuta". Ina da littafi mai bango da nake rubuta sunan na'ura da lambarta, kyamarorin da na ciro, daga ƙarfe nawa zuwa nawa, bambancin agogo, da wanda na miƙa wa. Kowane fayil na asali kuma ina ciro masa lambar SHA-256, haruffa da lambobi 64 da ke canzawa gaba ɗaya in an taɓa ko ƙwaya ɗaya a fayil ɗin. Windows na da wani umarni a cikinta, certutil, da ke yin wannan, ba sai an sayi komai ba.

Fayil na kallon kuwa, in na'urar ba ta ba da MP4 mai lafiya ba, da manhajar juya bidiyo ta FFmpeg nake yin sa daga kwafin na asali. Akwai bambanci tsakanin sauya mazubi da sake matsewa. Umarnin -c copy yana kwashe hotunan yadda suke ya zuba su a MP4 na gaskiya, ba ɗigon da ke canzawa, kuma cikin daƙiƙu yake gamawa. Sake matsewa zuwa H.264 ba na yin sa sai in abin kallon mai karɓa ba ya jin H.265, kuma nakan rubuta a sunan fayil ɗin cewa juyayye ne. Sauti ne ke yawan ba da ciwon kai, don kyamarori da yawa da G.711 suke naɗarsa, salon wayar tarho, wanda MP4 ba ya karɓa da daɗin rai. Ko dai a bar hoton yadda yake a juya sautin kaɗai zuwa salon AAC, ko a zuba duka a MKV.

Ba a fafe gora ranar tafiya, shi ya sa yanzu ranar ɗaura kyamara nake gwada ciro minti biyar a gaban mai wuri, in buɗe masa a wayarsa da kwamfutarsa in yana da ita, in bar masa filas da aka riga aka shirya a cikin durowa. A ranar ne kuma muke saɓani da wani abokin sana'ata. Shi H.265+ yake sa wa kowa, hujjarsa kwanakin naɗi, kuma hujja ce mai ƙarfi in aka tuna masu gano sata bayan mako biyu. Ni kuwa a ƙananan shaguna, inda na san mai wurin da kansa zai ciro bidiyo ya kai caji ofis ba tare da ya kira ni ba, na fi son in sa H.264 in lallashe shi ya ƙara kuɗin faifai mai terabayit biyu. A gidajen mai da manyan kantuna masu kyamara goma sha shida, inda ajiya ke cin kuɗi sosai kuma dama ni za a kira, ra'ayinsa nake bi.